Ƙanƙara a aljihu: daga ina labarin yara ke fitowa?

Na gode wa waɗanda suka shimfiɗa tabarmin nan suka kira mu, na kuma gode muku da kuka baro fada da shayi kuka zo sauraren tsohuwar madam. Ina hangen wasu fuskoki da na sani tun suna CI da majina a hanci, yau ga su har da gemu. Ku kwantar da hankalinku, ba zan kama suna ba.

An ce in yi magana a kan tambayar da ake yawan yi mini tun da aka ji ina rubuta labaran yara: "Madam, wai ina kike samo su?" Mai tambayar yakan yi ta da wata irin murya, kamar yana jira in ce mishi aljana gare ni, ko cikin barci ake ba ni. Da ma haka ne, da na huta.

Bari in fara da kunyar da na sha. Labarin farko da na rubuta, na wani yaro ne da ba ya wanke hannu kafin cin abinci. Ciki ya murɗe shi, aka kai shi likita, likita ya yi mishi faɗa, ya tuba. Na kwana biyu ina gyara shi, na ji a raina na yi abin kirki. Na karanta wa ƴan ajina na CE1. Suka harɗe hannu a ƙirji, tsit. Da na gama na ce ya yi daɗi? Suka haɗa baki, "Eee Madaaam", da muryar nan da duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san ba ta nufin komi. Da aka fita shan iska wata ƴar ƙaramar yarinya ta biyo ni har bakin tebur ta ce, "Madam, mi ya ci?" Na ce wa? Ta ce yaron. Wallahi ban sani ba. Ban san ko tuwo ne ko shinkafa da wake ba. Ban san unguwarsu ba, ban san ko yana da ƙane ba, ban san abin da ya sa yake gaggawa har ya ƙi wanke hannun ba. Tallar sabulu na rubuta na laƙa mata sunan yaro, kuma yarinyar ta gane.

Daga nan na fara bin tarihin waɗanda suka iya abin, in ga ta ina suka shiga. Abin da na tarar ya ba ni mamaki don ƙanƙantarsa.

A watan Satumba na 1893 wata mata ƴar Ingila, Beatrix Potter, ta zauna za ta rubuta wasiƙa zuwa ga wani yaro ɗan shekara 5 da ke kwance ba lafiya. Ɗan matar da ta koyar da ita karatu a gida ne. Ta rasa abin faɗa, don mi babba zai ce wa ɗan shekara 5 a takarda? Sai ta ba shi labarin wasu ƴan zomaye huɗu, ɗayansu mai ƙiriniya da ya kutsa garkar wani tsoho ya yi ɓarna, ta zana su a tsakanin rubutun. Shi ke nan, ta aika. Sai bayan shekaru ta aro wasiƙar daga gidansu yaron, da ma ya adana ta, ta faɗaɗa ta. Masu buga littattafai suka ƙi karɓa. Ta buga kwafi 250 da kuɗinta a 1901, a 1902 wani kamfani ya ɗauka. Shi ne wanda masu karanta Faransanci suka sani da Pierre Lapin, har yau ana sayar da shi. Ta kuma nace littafin ya zama ƙarami, daidai hannun yaro, kuma mai araha. Wanda ya rubuta don yaro guda da ya sani, har girman tafin hannun yaron yana tunawa.

A Suwidin ma haka. A 1941 ɗiyar Astrid Lindgren na kwance da ciwon huhu, ta gaji da kwanciya, ta ƙago wani suna na banza nan take ta ce wa uwar ta ba ta labarin mai wanga suna. Uwar ba ta ce wace ce kuma wannan ba. Ta ga sunan baƙo ne, sai ta yi yarinyar ma baƙuwa: ita kaɗai take zaune a gida, tana ɗaga doki da hannu. Ba ta ma rubuta ba sai a 1944, da ita kanta ta gurɗe ƙafa ta kwanta. Littafin ya fito a 1945, Fifi Brindacier ke nan a Faransanci.

Kun lura da abin da ya haɗa su? Yaro guda, a kwance, ya gundura. Babu alƙali mai tsanani kamarsa. Ɗan aji yana tsoron bulala ko yana jin nauyinki, zai ce "Eee Madam". Mara lafiya in kin fara wa'azi juya miki baya zai yi ya fuskanci bango.

To nawa yaron ba kwance yake ba, lafiyarsa lau. Ɗan ƙanena ne, lokacin yana da shekara 5. Wani azumi ne da ya faɗo tsakiyar bazara, kuma kun san abin da ƙanƙara ke zama a Maraɗi a irin lokacin nan, a yi layi, a yi rantsuwa, a yi faɗa. Bayan la'asar aka aike shi tare da yayarsa sayen ta. A hanya wani guntu ya ɓalle. Shi kuwa ya ji uwarsa da rana tana cewa maƙogwaronta ya bushe. Sai ya tsince guntun ya sa a aljihun wando, bai gaya wa kowa ba, wai in an kira salla shi zai fara ba Mama tun kafin a kawo ta kowa. Ya yi ta zagaye tsakar gida yana murmushi shi kaɗai. Ladan na kiran magariba ya ruga wurinta ya cusa hannu a aljihu. Babu komi. Wando ya jiƙe har gwiwa. Yayar ta fashe da dariya ta ce fitsari ya yi. Ya kwarara ihu, ya ce ƙarya ne, akuya ce ta sace, don ta shinshine shi a zaure. Ya tafi ya kama akuyar yana ƙoƙarin buɗe mata baki.

Ina wurin. Na yi dariya kamar kowa, har dabino ya sarƙe ni. Amma da dare abin ya ƙi barina. Na tashi na ɗauko kaye na rubuta layi biyar. Ku duba abin da ke cikin guntun ƙanƙarar nan: yaro yana son uwarsa, ya riƙe sirri, ya yi hasara, an kunyata shi gaban mutane, shi kuma ya ɗora laifi a kan wadda ba ta ji ba ta gani ba. Ai rabin abin da ke tsakanin manya ke nan. Ban ƙago ko ɗaya ba. Aikina kawai na ƙi barin abin ya wuce tare da dariyar.

Wani abokin aiki da ya karanta ya ce in ƙara shafi a ƙarshe inda baban yaron zai bayyana mishi cewa zafi ke narkar da ƙanƙara, don a samu darasin kimiyya. Na ƙi. Duk yaron da aka karanta wa ya riga ya san inda ƙanƙarar ta tafi, kuma daɗin da yake ji ke nan, ya san abin da yaron cikin littafi bai sani ba. In kun ga yadda suke miƙewa suna ihu "Narkewa ta yi! Ba akuya ba ce!", kun san darasin ya shiga ba tare da an kira shi darasi ba.

Sai maganar zane, kuma nan ne zan ɗan daɗe, don na san akwai masu zane da yawa a cikinku. Na samu wani saurayi mai zana allunan shaguna, irin na masu aski da masu gyaran salula. Hannunsa na da kyau ƙwarai. Na ba shi labarin, bayan mako guda ya kawo. Yaron na sanye da takalmi da safa. Gidan na da rufi mai tsini, har da bututun hayaƙi. Akuyar kuwa fara ce sol, da dogon gashi, kamar wadda ta fito daga cikin dusar ƙanƙara. Na ce ina ka ga wagga akuya? Ya ce a intanet ya duba. Ku ji fa. Mutumin da aka haifa a garin da jar akuyarsa ta yi suna har ƙasashen waje saboda fatarta, shi ne ya shiga salula neman kamannin akuya. Ban ga laifinsa sosai ba. Duk littafin da ya taɓa buɗewa mai hoto, da duk desan anime da ya kalla a tele, haka gida yake a ciki, haka akuya take. A ransa abin da ke cikin littafi dabam, abin da ke tsakar gida dabam.

Na ce ya aje salular ya je gidan ƙanena ya zauna. Ya yi yamma uku can da kaye da kireyon, yara na zagaye da shi. Ya dawo yana zumuɗi ya ce, "Madam, kin san baƙin idon akuya a kwance yake? Ba zagaye ba ne kamar namu." Na ce ban sani ba. Ya ce wutsiyarta kuma sama take dubawa, ta tunkiya ƙasa. Tun haihuwarsa yake tare da awaki, ya kore su, ya ci namansu, bai taɓa duban su ba sai ranar. Zanen da ya kawo na biyu, akuyar tana kallon yaron a kaikaice da idon nan nata, kamar wadda ta san gaskiya ta ƙi faɗa. Yara kan daɗe a shafin nan fiye da kowane.

Ita Beatrix Potter ɗin, zomaye take kiwo a ɗakinta tana zana su. Ita da ƙanenta har dafa matattun dabbobi suke yi tun suna yara, su fitar da ƙasusuwan su ga yadda suka haɗu. Shi ya sa ko da ta sa wa zomonta riga, in ka dube shi zomo ne.

Wanda kuma zai ce mini shi hannunsa bai ƙware ba, ga labarin Maurice Sendak, ɗan Amurka. Littafinsa na 1963, wanda aka fassara da Max et les Maximonstres, da farko dawakin daji ya yi niyyar zanawa. Ya gwada ya ga bai iya doki ba. Sai ya koma ga abin da ya iya, wato dangin iyayensa da ke zuwa gidansu cin abinci yana yaro, masu manyan haƙora da jajayen idanu, su ja mishi kumatu suna cewa kamar su cinye shi. Su ya mayar dodanni. Ni da na ji wannan sai na tuna wata gwaggon babanmu mai jan haƙora saboda goro, da in ta zo muke ɓuya bayan rumbu. Kowa a nan yana da irinta, kar ku yi mini musu.

Akwai wani kuma da labarinsa ya fi taɓa ni, Ezra Jack Keats, shi ma mai zane ne a Amurka, Bature, ɗan talakawa. A 1940 ya ga hotunan wani ƙaramin yaro baƙar fata a mujallar Life, ana shirin ɗibar jininsa don gwajin masassarar cizon sauro. Yanayin tsayuwar yaron da fuskarsa suka kama shi, ya yanke hotunan ya aje. Shekara 22 suna tare da shi. Ya yi shekaru yana zana littattafan wasu, kuma yana lura cewa yaro irin wannan ba ya zama tauraron littafi. A 1962 ya yi nasa, ya sa yaron a tsakiya, sanye da jar riga, ya fita wasa ranar da dusar ƙanƙara ta sauka. Ko sau ɗaya rubutun bai ambaci launin fatarsa ba, yaro ne kawai yana wasa. Littafin ya ci lambar Caldecott a 1963, babbar lambar masu zanen littafin yara a can.

Na ga littafin ne bayan na gama nawa. Ina buɗawa sai ga yaron ya dunƙula ƙanƙara ya sa a aljihu don gobe, da dare ya duba babu. Na aje littafin na yi shiru. Da farko raina ya ɓaci, na ce za a ce sata na yi. Daga baya na ga ai ba abin damuwa ba ne. Shi nasa a birnin da ƙanƙara ke zubowa kyauta daga sama, nawa a garin da ake sayen ta da layi, kuma nawa don uwarsa mai azumi ya ɓoye. Aljihun ne kawai ɗaya.

Abin da Keats ya lura da shi a ƙasarsu, mu a nan ya fi yawa. Tun 1973 aka fara gwajin koyar da yara da harshen gida a Damagaram. A 2025 an rubuta a kundin ƙasa cewa Hausa harshen ƙasa ce. To yaro ya koyi haɗa baƙi da Hausa, ya koma gida, mi zai karanta don daɗi? Haka ɗan Zabarmawa, haka ɗan Fulani, da na Buzaye, da na Barebari. In duk yaron da ya gani a littafi na da safa da bututun hayaƙi, zai girma kamar mai zanena, da tunanin cewa gidansu ba abin sawa a takarda ba ne. Marguerite Abouet, da yawanku kun karanta Aya de Yopougon, an haife ta a Abijan a 1971, aka kai ta Faransa tana da shekara 12. Da ta tashi yin littafin ƙananan yara, Akissi, a 2010, ƙiriniyar da ita kanta ta yi a unguwarsu ta kwaso. Nisa ne ya nuna mata darajar abin. Mu da ke zaune cikinsa, sabo ke rufe mana ido.

Na san wani zai ɗaga hannu ya ce, Madam, ai muna da tatsuniya, ga Gizo ga Ƙoƙi, mi ya kai mu neman ƙanƙara a aljihu? Gaskiya ne, kuma rijiya ce da ba ta ƙafewa. Boubou Hama, wanda gidan tarihi na Yamai ke ɗauke da sunansa, ya tattara tatsuniyoyin ƙasar nan da yawa, ya kuma yi littattafan yara tare da wata Bafaranshiya, Andrée Clair, a shekarun 1970. Amma ku tuna Kotia-Nima ɗinsa daga ƙuruciyarsa ya fito, labarin yaron ƙauye da aka ɗauka aka kai lekol. Abubakar Imam kuwa, da ya zauna a Zariya a 1936 yana rubuta Magana Jari Ce don ƴan makaranta, bai tsaya ga na gida kaɗai ba. Ya ɗebo daga Alfu Laila, ya ɗebo daga tatsuniyoyin Turawa da na Indiya, ya sa musu rawani da babbar riga har ba ka gane baƙi ne. Aro ba laifi ba ne. Wahalar tana wurin mayar da abin naka.

Kuma tatsuniya ba ta shiga takarda cikin sauƙi kamar yadda ake zato. Na gwada, ta ba ni wuya. Da dare ake yin ta, cikin duhu, muryar kaka ke ɗauke da ita, kowane yaro yana zana nasa Dodon a ransa. Ranar da mai zane ya sa Dodo a takarda, ya zaɓar wa kowa. In ya yi shi da ban tsoro ƙwarai, ɗan shekara 4 ba zai sake buɗe littafin ba. In ya yi shi da ban dariya, ya kashe labarin. Shi Gizo ma, gizo-gizo za a zana mai ƙafa takwas, ko mutum mai ɗan wuya da tsamin baki? Ni da mai zanena mun yi wata guda muna gardama a kan wannan, har yau ba mu shirya ba.

Abin da nake yi yanzu ba shi da yawa. Ina da kaye guda a jaka. In na ji yaro ya faɗi abin da ya tsayar da ni, sai in rubuta da kalmominsa, ban gyara ba. In na hau kabu-kabu ina kallon yaran bakin hanya, mai tura garwa da ya fi shi tsawo, ƴar talla da ta aje tire tana ƴar gala-gala da ido ɗaya a kan tiren. Yawancin abin da ke cikin kayen ba ya zama komi. Wani sai ya shekara uku sannan ya motsa. In na rubuta kuma, ba manya nake fara ba wa ba, manya kunya gare su, za su ce ya yi kyau. Yara huɗu ko biyar nake tarawa a zaure, ba a aji ba, in karanta ina kallon ƙafafunsu. Inda ƙafa ta fara wasa da ƙasa, nan zan sa alama in yanke.

Littafin ƙanƙarar mun buga ƴan kwafi da kuɗinmu, launi a bango kawai, don launi a kowane shafi ya fi ƙarfin aljihunmu. Ga guda uku nan a kan tebur, ku duba ku mayar, don Allah kar su bi ku gida. Na kai wa mai labarin nasa, yanzu ya girma, yana CM1. Ya zauna a zaure ya karanta da kansa tun daga farko har ƙarshe, bai yi dariya ko sau ɗaya ba. Ya rufe ya miƙo mini ya ce, "Gwaggo, kin yi kuskure." Na ce a ina? Ya ce wandon ba shuɗi ba ne, kore ne. Kuma akuyar, shi dai har yanzu bai yarda da ita ba.

To, an yi mini alama lokaci ya yi. Mai tambaya ya ɗaga hannu, amma a fara da na baya, su ne ba su ji da kyau ba.